Hannu Biyu a Kan Keken Terna

Zuwa ga ɗana Isyaku,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare fitarka da shigarka, ya sa ka fara wannan aiki a sa'a, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mai tuƙa shi. Innarka na gaishe ka, ko da yake na san ta riga ta cika maka kunne da nata wa'azin tun a kicin. Za ka ga takardar a kariyar keke, ƙarƙashin ƙullin garin da ta ɗaura maka. Kada ka karanta a hanya. Bari sai ka sauka gidan kawunka a Shabu, ka sha ruwa, ka zauna.

Za ka ce me ya hana Baba ya kira ni ya faɗa mini da baki, alhali gida ɗaya muke kwana. Na gwada. Sau uku ina kiranka tun ranar Alhamis, in ka zo ka durƙusa sai in ce ka duba mini iskar taya. Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In je gona in dawo ban sa fartanya a ƙasa ba, in zauna a zaure in tashi, har innarka ta fara tambaya ko ciwon ƙafar ne ya motsa. Takardar nan ma wannan ne zama na huɗu da nake yi a kanta.

Ga abin da ya hana ni sakat. Ranar Alhamis da ka ce za ka shiga Lafia ka gwada keken, ina zaune wajen mai faci a bakin hanyar Kwandere lokacin da kake dawowa. Na gan ka riƙe da bayan tifar yashi da hannun hagu, ƙafafunka a sake kan feda, kana murmushi kamar ango. Ba ka gan ni ba. Da aka kawo abinci na ga ka daɗe wajen wanke hannu, amma baƙin man motar bai fita daga tafinka ba. Jibi za ka fara hawa keke daga Shabu zuwa shagon buga takardu a Lafia, safe da yamma, a hanyar da manyan motoci ke bi, kuma tsoro nake ji kada wata safiya a kira ni a waya.

Hanyar nan na san ta fiye da yadda na san gonata. Shekara ashirin da biyu na bi ta ina masinja, muna zaune a Shabu, kafin in ajiye aiki mu dawo Kwandere. Ba zan yi maka wa'azin wanda bai taɓa kuskure ba. Nawa kurakuran zan zayyana maka, daga ƙanana zuwa babban.

Na farko shi ne makara, kuma daga ita duk sauran suka fito. Ni ba mai nauyin barci ba ne, asuba ba ta taɓa wuce ni ba. Abin da ke cinye mini safiya teburin mai shayi ne. In zauna da niyyar kofi ɗaya, sai wani ya taɓo siyasa ko ƙwallo, ni kuwa ka san ni, ba a gama musu ban sa baki ba. A ofis ogan namu ƙarfe takwas yake ja jan layi a littafin sa hannu, wanda ya zo ƙasan layin ya shiga uku. Maƙwabcina Terna, mutumin Binuwai da ke yankan ciyawa da kula da furanni a ofishinmu, shi ke tsayawa bakin titi yana kaɗa mini ƙararrawa, yana cewa, "Oga Garba, taso mana, lokaci ya tafi fa." Sai in ce masa saura kurɓa ɗaya. Da ya tafi abinsa da bai taɓa makara ba, amma ba ya iya tafiya ya bar ni. To kai ka fita da sauran lokaci a hannunka. Ka sa rigar aiki a leda, ka hau da tsohuwa, in ka isa ka goge gumi ka sauya. Ka ɗaure ƙafar wandon dama da roba, don sarƙar keke ta taɓa cinye mini wandon sallah har gwiwa a tsakiyar gari. Wanda ya fita da wuri ba ya neman dabarar da zai yi ya isa.

Na biyu, raina birki. Robar birkina ta cinye har ƙarfe na goga ƙarfe, na yi wata biyu ina cewa gobe zan sauya. Na koyi tsayar da keke da silifa, in danna ta kan tayar baya, har ina yi wa Terna burga cewa birkina a ƙafa yake. Ran nan an yi yayyafi, na gangaro shataletalen kasuwa da wasiƙun ofis a kariya, wani mai acaba ya yanko gabana. Na danna silifa, silifa ta zame ta yi nata wuri. Ban tsaya ko'ina ba sai cikin robar manjan wata mata. Isyaku, matar nan ta zage ni da yare uku, ɗaya kawai na gane, shi ma ya ishe ni. Na isa ofis ja wur tun daga hula har takalmi, wasiƙu kamar an soya su. Yau abin dariya ne, amma da ƙaramin yaro ne a wurin robar nan da ba dariya ake ba. Kowace safiya kafin ka ɗora ƙafa, ka matsa birkin gaba, ka matsa na baya, ka tura keken ka gani ko ya tsaya. Na sa maka sababbin robobi jiya, na kuma saka wasu biyu a jakar famfo.

Na uku, kutse. In gosulo ya haɗu a shigar gari, nakan bi ta ɗan tsakanin tirela da kwata, ina jin daɗi ina wuce masu motoci suna zufa. Wata rana tirela ta karya kwana zuwa dama ina gefenta. Kan motar ya wuce lafiya, sai na ga gindinta na matso ni, tayoyin baya na bin inda nake. Na jefar da kaina cikin kwata, na fito ina wari, direban bai ma san an yi ba. Ka riƙe wannan: in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kada ka tsaya gefen babbar mota a kwana. Motar da ta faka ka ba ta tazarar ƙofa, don fasinja ba ya duba baya kafin ya buɗe. A zamanina ma haka, balle yanzu da masu ƙafa uku suka cika gari suna tsayawa duk inda aka ɗaga musu yatsa, har in ka ce keke a Lafia su ake ɗauka kana nufi. Wannan abin da kake toshe kunne da shi kana jin waƙa kuma, ka bar shi a aljihu. Rabin tuƙin keke da kunne ake yinsa. In direba ya zage ka, ka bar shi da zaginsa, ni na sha tsayawa ramuwa ban taɓa cin riba ba.

Na tashi na zagaya bayan gida na dawo. Duk abin da na rubuta a sama zagaye-zagaye ne, ka sani, na sani. Ga maganar.

Ka san hawan nan da ke bayan gada in ka baro Shabu. Mai mota ba ya ma lura da shi, amma mai keke da ya makara ya san shi a cinyarsa. Manyan motoci in sun zo wurin sukan rage gudu, suna nishi suna hayaƙi. Wasu 'yan keke na gani suna kama ƙugiyar da ake ɗaure igiyar tamfol a bayan mota, ta ja su har sama, wani lokaci har cikin gari. Na gwada sau ɗaya na ga na isa ofis kafin jan layi, ko gumi ban yi ba. Daga ranar na samu abin da zai ba ni damar ƙara kofi na biyu a teburin shayi. Na ƙware har ina zaɓen mota, na san wadda ke tafiya sumul da wadda ke fizga.

Terna ya ƙi. Yakan sauka ya tura kekensa, ya iso a makare saboda jirana da ya yi, oga ya yi masa faɗa ni ina gefe ina shan iska. Ya ce mini, "Oga Garba, wannan abu ba kyau. Ni ina da yara uku, matana zai kashe ni in ya ji." Na yi masa dariya. Na ce ƙato kamarsa yana tsoron mota, na ce a garinsu doya kawai aka iya kamawa. Sati biyu ina tsokanarsa a gaban mutane har ya gaji. Ni na nuna masa inda zai riƙe, ni na koya masa ya saki jiki kada ya ƙanƙame. Kuma da yake mota kusurwa biyu gare ta a baya, ni nakan ɗauki ta dama, wajen gefen titi, in bar masa ta hagu, wajen da motoci ke wucewa. Ban taɓa ce masa mu yi musaya ba. Na san bambancin, shi bai sani ba.

Kana da shekara huɗu lokacin. Damina ce, an kwana ana ruwa, mun makara kamar kullum saboda ni. Muka kama wata motar siminti a gindin hawan. Abin da ban gaya wa Terna ba, don ni ma ban tsaya na yi tunaninsa ba, shi ne wanda ke bayan mota ba ya ganin hanya. Direba na ganin rami ya saka shi tsakanin tayoyinsa ko ya goce, kai kuwa sai dai ramin ya fito maka daga ƙarƙashin mota. Haka ya fito mini, cike da ruwa. Tayar gaba ta nutse, na tashi sama na faɗo kan ƙafata a gefen titi, na ƙwalla ƙara. Terna ya ji ƙarata ya waiwayo. Waiwayen nan ne ya sa hannunsa ya kuɓuce, keken ya karkata tsakiyar titi, ga wata bas ta fito za ta wuce motar simintin. Ina kwance ina kallo. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Mai bas bai tsaya ba, gudunsa kuwa ya rufa mini asiri. Da aka tambaye ni a gadon asibiti na ce muna tafiyarmu a gefen hanya bas ta kwashe mu. Haka na gaya wa innarka, haka na gaya wa dangin Terna da suka zo daga Binuwai ɗaukar gawa, haka na gaya maka duk lokacin da ka tambayi dalilin ɗingishina. Ƙarya ce, Isyaku. Ni na kai shi bayan motar nan, kuma ni ya waiwayo dubawa.

Kekena ya lanƙwashe, ba ya gyaruwa. Na Terna kuwa, ikon Allah, madigadi kawai ya lotsa. Da na fara takawa, matarsa Maman Doo ta turo shi har ƙofar gidanmu ta jingine, ta ce in riƙa zuwa aiki. Na karɓa. Shi ne keken da ka taso kana gani, shi ne wanda na ba ka. Harafin nan da ke ƙarƙashin sirdi, da ka taɓa tambayata kana yaro na ce tambarin kamfani ne, Terna ne ya karce shi da ƙusa.

Ka san Maman Doo, mai lemu da gasasshiyar masara a saman hawan, wadda nake aikenka ka kai wa agushi da shinkafa duk kaka. Ka san kuma abin da aka san ta da shi, in ta ga ɗan keke riƙe da bayan mota sai ta miƙe ta jefe shi da ɓawon lemu tana masifa, har wasu na cewa ba ta da cikakken hankali. Shekara goma sha tara ina wucewa ta gabanta, in gaishe ta, ta amsa, ban taɓa tambayar kaina me ya kai ta kafa tebur a daidai wurin nan ba. Ko in ce na ƙi tambaya.

Jiya Asabar da na ce wa innarka zan je Lafia sayen robar birki, na saya, amma daga nan Shabu na wuce. Na ga ba ni da bakin da zan hana ka abin da ni ban taɓa amsa cewa na yi ba. Na same ta tana feɗe lemu. Ta ba ni benci, na kasa zama. Na tsaya da sandata na faɗa mata komai, har maganar kusurwar dama da ta hagu. Wuƙarta ba ta tsaya ba har na gama. Sai ta ce:

"Baban Isyaku, na sani."

Na ce wa ya gaya mata.

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Sati uku yana dawo gida hannun dama baƙi kamar gindin tukunya. Mai yankan ciyawa ina zai samu baƙin mai? Na tambaye shi, ya ce Oga Garba ya koya mini hanyar sauri. Na yi faɗa, ya ce zai bari. Ranar da na je asibiti, hannun na fara duba."

Sai a lokacin na zauna a kan bencin. Na ce to me ya sa ta ba ni keken, me ya sa ta yi shiru duk shekarun nan tana karɓar gaisuwata.

Ta ce, "Keke, na ba ka don yaranka su ci abinci. Shiru kuma, ina jira ka zo da bakinka. Ka daɗe, Baban Isyaku. Ka daɗe sosai."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a bakin titi, gaban masu sayen masara. Na roƙe ta gafara. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Tambayata ta yi me ya kawo ni yau bayan shekara goma sha tara. Na gaya mata abin da na gani ranar Alhamis, na ce ranar Talata za ka fara bin hanyar nan a keken mijinta. A nan ne ta ajiye wuƙar.

Ta ce, "To ka gaya masa. Kullum da safe in ya hau tudun nan, ya tsaya a teburina ya buɗe mini hannu biyu in gani. Ba sai ya saya komai ba. Ranar da na ga baƙi, zan karɓi keken mijina, ya tafi aiki da ƙafa."

Na amsa mata a madadinka ba tare da na tambaye ka ba. Kekenta ne, tana da iko. Na san kai saurayi ne, za ka ji nauyin tsayawa gaban tsohuwa kana buɗe hannu kamar ɗan firamare ranar duba farce, abokanka na wucewa a kan babur suna dariya. Ka bar su su yi. Ni dariyar mutane na yi amfani da ita na kai Terna inda na kai shi, na san ƙarfinta, na kuma san ba ta kai komai ba.

In hawan ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya tura keke. In ka makara ka makara. In mai shagon ya yi faɗa ka ba shi haƙuri, in ya kore ka ka dawo gida, gona na nan, ni da kai za mu noma ta. Aiki ana sake samu. Ban ce ka ji maganata don ni mutumin kirki ne ba, yanzu ka san ko ni wane ne. In ka ga girmana ya ragu a idonka bayan takardar nan, na yarda, zan ɗauka. Innarka ma yau bayan la'asar zan zaunar da ita in gaya mata, kada ta ji a bakin wani.

Ranar Juma'a in ka zo gida ka miƙo mini hannu, kada ka yi mamaki in na riƙe shi ya daɗe, ko na juya shi na duba.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, yau da gobe da kullum. Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, ya kau da idon mugun direba daga kanka, ya sa ka tsufa da ƙafafunka biyu daidai. Ka gaida kawunka da iyalinsa. Jibi ka fita da wuri, Maman Doo na fitowa tun bakwai saura, kuma ta ce za ta jira ka.

Ni ne mahaifinka,
Garba
Kwandere, ranar Lahadi